Siginar CD ta TPPS tana juyewa: murɗewar gaske ce ko ruɗin awo?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Ƙwayar TPPS (wani sinadari mai launi daga dangin porphyrin) ita kaɗai ba ta da siffar dama ko hagu. Amma in an sa ta a ruwan asid mai pH ƙasa da 2, sai ƙwayoyin su dunƙule, layin shan haske na 434 nm ya ragu, sabo ya fito a 490, wani a wajen 706. A 490 ɗin na'urar CD (mai auna bambancin shan haske mai murɗawa hagu da mai murɗawa dama) kan ba da sigina mai kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. To samfur ɗaya ne, amma yau kan dama ne a sama, gobe na hagu. Yaya ake gane murɗewar gaske?

Malamin Sinadarai:
Wa alaikumus salam. Kada ki yi saurin yarda da siginar nan. Dunƙulen TPPS dogaye ne kamar bututu, ruwa na motsi sai su jeru su fuskanci gefe guda. Jeruwar ce ke haifar da LD (bambancin shan haske a tsaye da a kwance), wanda ya fi CD ƙarfi nesa ba kusa ba, sai ya kutso cikin awon.

Bar samfurin ya natsa bayan zubawa, ki auna LD tare da CD. Sannan juya kwalbar awon gaba ya koma baya, ki sake. In busasshe ne a kan gilashi, auna shi a digiri 0, 45 da 90, ki kifa shi ki maimaita. CD na gaske ba ya damuwa da juyi. Wanda ya sauya, jeruwa ce.

Mai Kula da Na'ura:
Ƙari kan bayanin Malam: shan hasken a 490 kada ya wuce 1 sosai. A na'urar kamfanin Jasco, in HT (ƙarfin lantarkin sashen da ke gano haske) ya haura 600 V, hasken da ke isa ya yi kaɗan, layin ba abin dogaro ba ne. Kuma kada ki sirka da ruwa, dunƙulen na iya wargajewa. Koma kwalba mai kaurin milimita 1. Wajen kwatanta samfura, raba siginar CD da aka auna a mdeg (ɗaya bisa dubu na digiri) da 32980, ki sake rabawa da shan hasken, shi ne g, ma'aunin ƙarfin murɗewar.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode. In kuma haɗi biyu ne daban suka saɓa fa?

Malamin Sinadarai:
Wannan kam yana iya zama gaskiya. A 2001 ayarin masanin sinadarai Ribó a Basalona sun nuna cewa gefen da tulun busarwa ke juyawa yana zaɓar wa wani ɗan'uwan TPPS hannu, wato siffar dama ko hagu. Ɗan datti mai hannu a cikin ruwa ma yana yin haka. Don haka rubuta gefen da kika juya kowane haɗi wajen damawa. Sannan ki yi biyu, ɗaya da asid ɗin tataric na D, ɗaya da na L. In murɗewar ta gaske ce, siginonin za su fito kishiyar juna, su ratsa sifili kusa da 490.