Yalwar gida ko kyawun wuri: ina neman shawara kan ƙaramin gida a tsaunin Mambila

Malam Mai Ritaya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan al'amarin, musamman mutanen jihar Taraba da masu sana'ar gini. Na yi ritaya daga aikin koyarwa, yara duk sun yi aure sun kama gabansu, saura ni da maiɗakina a gida mai ɗakuna biyar a Kano, wanda fiye da rabinsa yake a kulle, ba ya tara komai sai ƙura da kuɗin gyara. Zafin bazara ya fara fin ƙarfina, kuma na daɗe ina sha'awar in ƙarasa sauran kwanakina a tsaunin Mambila, inda na taɓa zama ina saurayi.

An yi mini tayin filaye biyu. Na farko yana cikin garin Gembu, shimfiɗaɗɗe ne, ƙafa 50 da 100, ana iya gina gida sosai a kansa, sai dai babu abin da mutum zai hango in ban da katangar maƙwabci. Na biyu yana gefen wani tudu a wajen Nguroje, daga nan ana hango kwari da korayen tuddai da garken shanu har iya ganin ido, amma wurin da ya kwanta a cikinsa bai fi mita 6 da 6 ba, wato ɗaki ɗaya da ɗan falo da banɗaki da wurin girki, sai fa idan za a fasa tudun, abin da aljihuna ba zai ɗauka ba. Zuciyata tana kan na biyun. Shin kyawun wuri yana iya maye wa mutum gurbin yalwar gida idan zama ya yi tsawo, ko kuwa sha'awa ce da take gushewa bayan 'yan watanni? Kuma shin ya dace in sayar da gidan Kano saboda wannan?

Ɗan Sardauna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baba Malam. A nan ƙaramar hukumar Sardauna, inda tsaunin yake, aka haife ni, don haka zan faɗi abin da baƙo ba ya gani a gajeriyar ziyara. Korayen tuddan da kake so na damina ne, daminarmu kuwa doguwa ce, takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, wani lokaci ma ta zarce. A cikin waɗannan watanni akwai ranakun da gajimare yake saukowa ya rufe kwarin gaba ɗaya, ruwa yana zuba tun safe, mutum ba ya iya zama a waje. Da rani kuma ciyawa takan bushe, makiyaya su ƙone wasu wuraren domin sabon toho, ƙurar hunturu ta rage nisan da ido yake kaiwa. Ba ina nufin wurin ba shi da kyau ba ne, ni kaina ban ga inda ya kai shi ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, ranakun da kyawun wurin yake ɓuya su ne ranakun da ruwa zai tsare ku a cikin ɗaki, kuma a nan ne ƙanƙantar gida za ta nuna kanta.

Tsaunin yana da tsayin wajen mita 1,600 daga gaɓar teku, shi ya sa dare yake da sanyin da mutumin Kano bai saba da shi ba sai a tsakiyar hunturu. Hanyar da muke bi daga Jalingo ta ratsa Bali da Serti, daga Mayo Selbe kuma a fara hawa mai yawan kwana, tafiya ce ta awanni masu yawa. Ga dattijo wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, wannan hanyar za a bi a sauka. Filin da ke gefen tudu yana ƙara wani nauyin, wato ko mota tana iya isa bakin ƙofa a watan Agusta. Ka je ka duba da idonka a tsakiyar damina. Batun lantarki kuwa, aikin wutar Mambila da aka daɗe ana jira, wanda da farko aka tsara zai samar da megawat 3,050, bai fara ba da wuta ba, saboda haka ka yi lissafinka a kan sola.

Sai maganar ƙasa, wadda ta fi duk sauran nauyi. Rikicin da ya auku a nan a watan Yunin 2017, wanda aka rasa rayuka da dukiya, yana da nasaba da gona da wurin kiwo, kuma tuddan bayan gari su ne aka fi jayayya a kansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar haƙƙin zama a filayen karkara. Kada ka biya ko sisi sai ka zauna da jauron wurin da maƙwabtan filin, ka tabbatar ba burtali ba ne kuma ba gonar gado ce da wasu magada ba su amince a sayar ba, sannan a yi takarda a Gembu, hedkwatar ƙaramar hukumar.

Hajiya Uwargida ta amsa:

Malam, na karanta tambayarka sau da dama, na ga ka ambaci abin da zuciyarka take so, amma ban ga inda ka ambaci abin da maiɗakinka take so ba. Wannan shi ne farkon abin dubawa, domin masauki yana cikin haƙƙoƙin mace a kan mijinta, kuma ita ce za ta fi daɗewa a cikin ɗakin nan. Kai namiji ne, za ka fita masallaci, ka zauna a majalisa, ka shiga kasuwa. Ita kuwa a gidanmu na Hausa tsakar gida ita ce duniyarta: a nan take shanya, a nan take tsince shinkafa, a nan take cire mayafi ta sha iska ba tare da ido ya gan ta ba, a nan maƙwabta suke shigowa a gaisa. Gidan da ke gefen tudu, wanda aka gina domin a riƙa hangen waje, gida ne da na waje ma yake hangen na ciki, kuma idan ka kewaye shi da doguwar katanga ka toshe abin da ya kai ka can.

Sannan ɗakunan nan da ka ce suna kulle, ina roƙonka ka sake tunani a kansu, domin ba naka ba ne kai kaɗai. Ɗakin 'yarka ne ranar da za ta zo wankan jego. Ɗakin jikokinka ne a hutun makaranta da lokacin Sallah, kuma an umarce mu mu raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, abin da ba ya yiwuwa a falo ɗaya. Ɗakin ɗan'uwanka ne da ya zo daga ƙauye neman magani. Hadisi ya tabbatar da cewa liyafar baƙo kwana uku ce, to a ina za a shimfiɗa masa? Wanda ya rage girman gidansa yana ganin kamar kansa kaɗai ya taƙaita wa, alhali yawancin abin da ya yanke rabon wasu ne. Dangi ba za su yi maka ƙorafi ba, kunya ba za ta bar su ba, sai dai ka ga zuwansu yana raguwa, ga kuma nisan hanya da ya riga ya ba su uzuri. Tsufa kuwa ya fi bukatar mutane a kan komai.

Ban ce ka haƙura da burinka ba, domin mutumin da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan jama'a ya cancanci ya huta inda ransa yake so. Shawarata ita ce kada ka sayar da gidan Kano. Ka ba da hayar sashe ɗaya, ka bar ɗakuna biyu a hannunku, kuɗin hayar ya riƙe ku a can.

Injiniyan Gini ya amsa:

Ranka ya daɗe, mita 6 da 6 murabba'in mita 36 ke nan, kuma mutum biyu suna iya zama a ciki da mutunci idan an tsara shi da kyau. Sai dai kada a ɗauka rabin girma rabin kuɗi ne. Abubuwan da suka fi cin kuɗi a gida, wato banɗaki da madafa da ramin masai da tankin ruwa da sola, suna nan ko gidan babba ne ko ƙarami, sannan gini a gangare yana bukatar bangon tare ƙasa da magudanar da za ta kauda ruwan da yake gangarowa daga sama, ga tsadar hawo da siminti da rodi. Ba abin mamaki ba ne a tarar harsashin wannan ƙaramin gida ya fi na filin cikin gari tsada.

Babban abokin gabar ƙaramin ɗaki a wuri mai sanyi da ruwa shi ne danshi. Numfashin mutum biyu da tururin girki da jiƙaƙƙen kaya suna taruwa a jikin bango mai sanyi, daga nan fumfuna ta kama tufafi da littattafai. Maganinsa shi ne a ɗaga daɓen daga ƙasa, a yi silin, a bar kafofin iska a sama, a kuma fitar da girki waje. Ina kuma gargaɗi da babbar murya: kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, domin yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, kuma ƙaramin ɗaki ya fi saurin cika da ita.

Abin da zai amsa damuwar Hajiya, a ganina, shi ne baranda. A yi doguwar rumfa mai rufin kwano a ɓangaren kwarin, a kan ginshiƙai, wadda ba ta bukatar a fasa tudu, ta zama wurin zama ko ana ruwa. A bayan ɗakin kuma, inda tudun kansa yake tare ido, a kewaye ɗan wuri ya zama tsakar gida da madafa. Rufin ma yana da amfani: kowace milimita ta ruwan sama tana ba da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, saboda haka rufi mai murabba'in mita 40, a shekarar da aka samu milimita 1,500, zai tara lita 60,000. Abu na ƙarshe, fili za ka saya, hangen kwarin ba ya cikin takarda. Idan mai filin da ke ƙasa da naka ya shuka itacen zaiti, wanda ake yawan shukawa a tsaunin kuma yake saurin tsayi, cikin 'yan shekaru zai rufe maka komai. Ka nemi a haɗa maka da gangaren da ke gabanka a cikin cinikin.

Mazaunin Amurka ya amsa:

Malam, a nan Amurka irin wannan gida ya bazu ne sosai bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, kuma ƙa'idar gini ta ɗauki gidan da bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, wato wajen murabba'in mita 37, a matsayin ƙaramin gida, kusan daidai da naka. Da yawa suna ɗora shi a kan tirela saboda dokokin unguwanni ba sa yarda a gina gida ƙasa da wani girma. Amma yawancin masu zama a ciki mutum ɗaya ne ko biyu, baƙonsu kuma a otal yake sauka ba tare da wani ya ga laifin kowa ba. Mu al'adarmu ba ta ɗaukar wannan, don haka ina tare da Hajiya.

Malam Mai Ritaya ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na zauna da maiɗakina na karanta mata amsoshinku, ta ce ba ta ƙi zuwa ba, amma ba ta yarda a sayar da gidan Kano ba, kuma tana son wurin da za ta iya taka ƙafa ta shiga maƙwabta. Mun tsayar da shawarar mu kama haya a Nguroje daga Yuni zuwa Satumba kafin a yi maganar ciniki. Ɗan Sardauna, don Allah ka taimaka mini da sanin ko ana samun hayar ɗaki biyu na 'yan watanni a garin. Injiniya kuma, ina so in ji ko barandar da ka kwatanta za a iya rufe gefe ɗaya nata da katako ta zama makwancin baƙo, ko kuwa sanyin dare zai hana.