Wai kwanan ofis ne ya gina Microsoft?

Malam Sani: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Duk wanda ya buɗe kamfanin manhaja da ma'aikata biyar sai ya ce musu ai haka Microsoft ta fara, ba barci ba hutu, don haka kada wanda ya tambayi lokacin tashi. Gaskiya ne an yi kwanan ofis a Redmond, hedikwatar Microsoft. Bill Gates da bakinsa ya ce ya haddace lambobin motocin ma'aikata don ya san wa ya zo, wa ya tafi. Amma ba wannan bautar ce ta fitar da kaya ba. Haɗin kullum ne: kowace rana a tattara abin da kowa ya rubuta, a haɗa manhajar ɗungurungum, a kunna ta a ga ko za ta tashi. Wanda ya kwaikwayi rashin barcin ya bar wannan, ƙaiƙayi ya kwasa ya bar tsaba.

Injiniya Bello: Bauta fa ka ce, Malam. A ina aka taɓa ba bawa hannun jari? Ranar 13 ga Maris 1986 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a kan dala 21 kowane hannun jari. A lokacin, ma'aikaci ana ba shi damar sayen hannun jari a farashin ranar da aka ba shi. Damar tana nuna, wato ta kai a iya amfani da ita, kashi-kashi cikin 'yan shekaru, in farashi ya hau sai ya saya a tsohon farashi ya sayar a sabo. Mutane da yawa sun yi arziki ta nan. Ka janye kalmar.

Hajiya Rabi: Injiniya, kai ma ka faɗa, kashi-kashi. Wanda ya ajiye aiki kafin lokaci ya yi asarar abin da bai nuna ba, kuma kafin na farko ya gama nuna an ƙara masa sabo. Turke ne wannan. Dabbar da aka ɗaure a turke ana ba ta harawa, amma ba ta zuwa ko'ina.

Injiniya Bello: Hajiya, ƙofa a buɗe take. Paul Allen ma ya bar aikin yau da kullum tun 1983.

Hajiya Rabi: Rashin lafiya ta same shi, kuma da shi aka kafa kamfanin. Kada ka haɗa shi da mai gwajin manhaja.

Auwal: Yaya Bello, ba kowa ke da wannan damar ba. Katin shaida iri biyu ne, shuɗi na cikakken ma'aikaci, mai ruwan lemo na ɗan kwantiragi. Akwai waɗanda suka yi shekaru da mai ruwan lemo, tebur ɗaya, aiki ɗaya, shugaba ɗaya da masu shuɗin. Sun kai ƙara a 1992, shari'ar da ake kira Vizcaino, a 2000 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 97. A 2000 ɗin kuma aka sa ƙa'ida, ɗan kwantiragi ya yi shekara sai ya tafi hutun dole na kwana 100.

Injiniya Bello: Kotu cewa ta yi ma'aikata ne, ba ta ce bayi ba. Kuma abin da aka yi shari'a a kansa daban ne, tsarin da ma'aikaci ke sayen hannun jari daga albashinsa da rangwamen kashi 15 cikin ɗari. Kada a cakuɗa.

Malam Usman: Ku tsaya. A Hausa in an ce mutum yana bauta wa gidansu, ba ana nufin an sayo shi a kasuwa ba. Aikin wahala ne da ya wuce ƙima. Malam Sani bai yi kuskuren harshe ba.

Injiniya Bello: To ya ce wahala mana. Me ya hana shi?

Malam Sani: Ikon Allah. Ni maganar haɗin kullum nake yi. Ku dubi Word na Windows. An fara shi a 1984 da tsammanin shekara ɗaya, bai fito ba sai 1989, kuma mutanen ba barci suke ba. Jadawali ya matse su, kowa yana rubuta abin da zai sa a ce ya gama nasa, ya bar kurakurai masu gwaji su gano. Har ana ba da labarin wanda aka sa ya rubuta lissafin tsayin layin rubutu, sai ya sa manhajar ta riƙa ba da 12 kawai, yana jiran rahoton kuskure. Wannan ya sa a 1989 aka kawo ƙa'idar cewa a gyara kuskuren da aka sani kafin a rubuta sabon abu.

Malama Zainab: Bari in fayyace yadda haɗin yake, don wasu na ɗauka danna maɓalli ne. Akwai sa'ar da ake rufe shigar da aiki. Kafin ka shigar da naka, ka sauko da na kowa, ka haɗa a kwamfutarka, ka tabbatar bai karya komai ba. Da dare kwamfutar haɗi ta haɗa komai daga tushe. Sai gajeren gwaji: ta tashi? ta buɗe fayil? ta adana? ta buga takarda? In ta tsallake, da safe masu gwaji su karɓa, kuma a lokacin, a manyan rukunoni, kusan kowane mai rubuta manhaja akwai mai gwaji ɗaya. Kowane kuskure a rubuta shi a rumbu da matakan maimaita shi da girman illarsa. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ƙara sabon fayil ya manta bai shigar da shi ba. A tasa kwamfutar komai lafiya, a ta haɗi ya faɗi, da safe rukuni guda ba su da abin gwadawa. A rukunin Excel, wanda ya karya haɗi shi zai riƙa kula da shi har wani ya karya.

Nura: Duk wannan tsarin, Malama, a 1998 gaban jama'a a taron baje kolin kwamfuta na Comdex aka jona na'urar sikana, Windows 98 ta faɗi da shuɗin allo, Gates na tsaye. Kuma irin horon da kuke yabo, a rukunin Windows NT Dave Cutler ne ya zo da shi daga kamfanin kwamfuta na DEC a 1988. Aro ne. Masu Linux, kishiyar Windows ta kyauta, ba ofis ba albashi suka yi nasu.

Malama Zainab: Nura, wancan ba a sake ta ba tukuna, ana kan gwaji. Haɗin kullum yana nuna maka ko sassanka sun dace da juna, ba ya gwada kowace na'ura da wani kamfani ya ƙera.

Nura: Uzuri dai.

Injiniya Bello: Tunda an zo maganar ofis, gine-ginen farko na Redmond siffar X aka yi su don ofisoshi da yawa su samu taga. Mai rubutu da ɗakinsa da ƙofarsa, abin sha kyauta a firiji. Hajiya, bautar ke nan?

Hajiya Rabi: Ɗaki mai ƙofa ai shi ya sa ake iya shimfiɗa a kwana a ciki.

Alhaji Garba: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta: kalmar bauta ba ta dace ba, Malam Sani ya yi zafi. Mutane sun yi aiki tuƙuru da son ransu, an saka musu da hannun jari da ofis mai kyau, 'yan kwantiragi kuma an biya su an wuce wurin. Injiniya Bello ya kawo hujjoji da ranaku. Matasa su dage da aiki.

Auwal: Ranka ya daɗe, shekara takwas suna kotu kafin kamfanin ya amince ya biya su, ba a ce an wuce wurin haka kawai ba.

Malam Sani: Alhaji, ko sau ɗaya ba ka ambaci haɗin kullum ba, kuma shi na kawo. Malama Zainab, in aikin ya yi girman da haɗi ɗaya ba ya ƙarewa kafin asuba, raba shi ake yi a kwamfutoci da yawa ko sa'ar rufewa ake dawowa da ita baya?