"Da ɗan gari akan ci gari": shin ta dace da sabon shiga a wasannin intanet?

Auwalu: Assalamu alaikum. Gardama ce ta sarƙe tsakanin ƙanena da abokinsa har sun daina gaisawa, kuma wannan karin magana ce ta rura wutar. Abokin ne ya kwaɗaita masa Dota 2, wasan da ake karawa mutum biyar da biyar, kowane ɓangare yana neman rushe sansanin ɗayan. Ƙanen nawa ya yi ta dukan ƙananan dakarun abokan gaba bakin ƙarfinsa, amma aka yi nisa bai tara zinarin sayen makami ba, domin bai san cewa wanda ya yi bugun ƙarshe shi ke kwashe zinarin ba. Bai kuma san cewa mutum yana iya kashe dakarun ɓangarensa da hannunsa idan ƙarfinsu ya ragu ƙasa da rabi, don ya hana abokin gaba amfana da su ba. Abokan wasansa suka yi masa ruwan zagi har aka tashi. Da ya kai kuka, sai abokin ya ce masa, "Ai da ɗan gari akan ci gari, kai ne ka shiga ba ka jira ni ba." Ƙanena ya ce an ajiye maganar ba a muhallinta ba. Ina neman ra'ayin manya.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Auwalu. A ganina abokin bai kauce ba, domin abin da muka taso muna ji shi ne baƙo ba ya cin nasara a wurin da bai sani ba sai da jagorancin wanda ya san lungu da saƙo. Waɗannan wasanni kuwa cike suke da lunguna. A Counter-Strike, wanda ya harba bindiga yana cikin gudu harsashinsa ba zai tafi inda ya auna ba, kuma kowace bindiga mai sarrafa kanta tana da salon karkacewa iri ɗaya a kullum, wanda tsofaffin hannu suka haddace suna jan hannu ƙasa don su daidaita shi. Akwai kuma lissafin kuɗin cikin wasa, inda ɓangaren da ke shan kashi a jere yake samun tallafi mai hauhawa daga 1,400 zuwa 3,400, shi ya sa ƙwararru kan haƙura da saye a wani zagaye don su haɗa ƙarfi a na gaba. Sabon shiga da ya ƙarar da kuɗinsa shi kaɗai ya ɓata wa mutum huɗu shiri ba tare da ya san ya yi laifi ba. Irin wannan ilimi a bakin ɗan gari ake samunsa.

Hajara: Malam, da girmanka, ban yarda a yi amfani da karin maganar a wanke kamfanonin da suka ƙera wasannin ba. Akwai bambanci tsakanin wasa mai zurfi da wasa mai ɓoye ƙa'ida. Dokokin wasan ces, wato darar Turawa (chess), ana iya karanta wa yaro su a zama ɗaya, duk da haka mutum kan shekara da shekaru bai kai ƙarshen zurfinsa ba, kuma wanda aka cinye ya san da me aka cinye shi. A nan kuwa mutum yana mutuwa bai san dalili ba. A Dota 2 hasumiyar tsaron abokan gaba tana harbin dakaru, sai ya taɓa jarumin abokan gaba a kusa da ita, nan take ta juyo kansa, shi kuma ya ɗauka rashin sa'a ne. Wanda bai san dalilin faɗuwarsa ba babu darasin da zai ɗauka, sai ya zargi netwok, ko ya zargi wayarsa ko kwamfutarsa, ko ya yanke hukuncin cewa shi ne daƙiƙi ya goge wasan. Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, musamman ga yara.

Nasiru: 'Yar'uwa, ki yi wa maƙeran adalci. Da yawa daga cikin dabarun nan ba su suka shirya su ba, 'yan wasa ne suka tono su. Jera duka a kan duka ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, wanda ya shahara a Street Fighter II na 1991, ya samo asali ne daga sassaucin da aka yi wa latsa maɓallai. A Quake na 1996 mutane suka ƙware wajen harba roka ƙarƙashin ƙafafunsu don su yi tsalle mai nisa. Wa zai rubuta maka bayanin abin da bai san za a yi da wasansa ba? Sannan kamfanin Valve, mai wasan Dota 2, ya sake fasalin tarbar sababbin 'yan Dota 2 a watan Maris na 2021, ya zuba darussa, har da na bugun ƙarshe. Ƙanen Auwalu da ya bi ta nan da bai sha wannan zagin ba. Matambayi ba ya ɓata.

Bilkisu: Wannan maganar ta Yaya Nasiru ta tuna mini da kakarmu, Allah Ya jiƙanta. A ƙarshen rayuwarta idanunta sun yi rauni, amma kunnenta garau yake, kuma tana son ɗan yayata ya zauna kusa da ita ko da wayarsa yake dannawa. Wata rana yana buga Free Fire da murya a buɗe, su huɗu a ƙungiya, ciki har da wani yaro da aka haɗa su da shi, wanda muryarsa ta nuna bai wuce shekara goma ba. Yaron ya yi ta tambaya yadda ake kafa katangar nan ta kariya da sauri idan an buɗe maka wuta, da kuma dalilin da ya sa ƙarfinsa ke raguwa alhali babu mai harbinsa, bai san ya fita daga da'irar da ke tsukewa ba. Sauran biyun suna ta yi masa dariya, ɗan yayata kuma ya yi gum saboda hankalinsa na kan wasa. Sai kaka ta ɗaga kai ta ce, "Wai yaron nan ba da ku yake magana ba?" Ya ce, "Kaka, sabo ne, zai koya da kansa." Ta ce, "Ku nawa ne a ɓangarenku?" Ya ce huɗu. Ta ce, "To ai ku uku ne, tun da kun bar ɗaya a duhu."

Ba a jima ba aka kashe yaron, aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya aka gama da su. Ɗan yayata ya ajiye waya yana huci, yana cewa yaron ne ya ja musu. A nan ne ta kawo wannan karin maganar, amma ba da ma'anar da Malam Sabo ya bayar ba. A wurinta gari ba ya faɗuwa sai da hannun na ciki, kuma na cikin da ya ba da garin shi ne wanda ya sani ya yi shiru. Ta sa shi ya nemo yaron a jerin waɗanda suka yi wasa tare ya aika masa gayyata, ta zauna tana saurare yana nuna masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, idan ya yi sauri ta ce ya maimaita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron ya tambayi duk abin da ya kamata ya tambaya, da babbar murya, kuma ya ɓata duk da haka.

Baffa Garba: Allah Ya jiƙan wannan baiwar Allah. Ni ma da ma'anar cin amana na san maganar, kuma masu neman kujera sun fi kowa iya aiki da ita. Su ma sukan sauya ƙa'ida ana tsakiyar wasa, su sanar da 'yan garinsu a ɗaki, talaka ya shigo fili da tsohuwar doka a ce shi ne bai yi tambaya ba. Masu wasannin nan ko ba komai sukan wallafa jerin gyare-gyaren da suka yi, ko da sabon shiga ba zai gane rabinsa ba.

Nasiru: Baffa, masu neman kujera ai ko katangar kariya ba sa buƙata, mu ne katangar. Amma mu koma kan yaron. Labarin ya taɓa ni, sai dai laifin da kaka ta gani na 'yan wasa ne, ba na kamfani ba.

Hajara: Na kamfani yana nan, Yaya. A PUBG Mobile sanannen abu ne cewa wasannin farko na sabon shiga cike suke da 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, masu tafiya a fili suna jiran harsashi. Mutum ya kashe da yawa ya ɗauka ya iya, matsayinsa ya hau, sai ya faɗa hannun mutane na gaske ya rasa abin da ya same shi. Ga kuma makin ƙwarewa na ɓoye da wasanni da dama ke amfani da shi wajen haɗa abokan karawa, wanda ya samo tushe daga lissafin da Arpad Elo ya tsara wa 'yan ces. Tsohon hannu ya san da shi, shi ya sa yake buɗe sabon asusu don a haɗa shi da 'yan koyo ya yi ta ragargazarsu. A Satumban 2023 Valve ya sanar da rufe irin waɗannan asusu 90,000 a Dota 2. Wannan ɗan gari ne da ya yi shigar baƙo, kuma da shi aka ci garin.

Malam Sabo: Na ji hujjarki, amma ma'anar da na bayar ita ma tana da shaidu. A EVE Online, wasan da ya yi suna wajen wahalar koyo, 'yan wasa da kansu suka kafa ƙungiyar EVE University tun 2004 don koyar da sababbi. A Final Fantasy XIV ana liƙa wa sabon shiga alamar ɗan tsiro kusa da sunansa, don kowa ya san baƙo ne a yi masa uzuri, kuma an ware masa zauren hira da tsofaffin hannun da suka ɗauki nauyin jagoranci. Inda aka yi haka ɗan gari jagora ne. Ban ga dalilin da zai sa mu bar wa maciya amana karin maganar su kaɗai ba.

Rabi'u: Na zo a makare, amma ina da tambaya ga Yaya Nasiru. A Dota 2 dabbobin daji suna sake fitowa a kan kowane minti idan makwancinsu babu kowa, don haka masu sani kan janye su waje daƙiƙoƙi kaɗan kafin mintin ya cika, wasu su fito a kansu, a tara su a kashe gaba ɗaya. Wannan dabara tun tana sirrin 'yan ƙalilan har ta zama abin da ake zagin mutum idan bai yi ba. A wane lokaci ne abin da aka tono yake zama ƙa'idar da ya wajaba a koyar? Fortnite ma, wasan harbin da ake gina katanga ana cikin faɗa, sai a 2022 aka fito da salon da babu gini a cikinsa, bayan masu saurin gini sun daɗe suna korar sababbi.

Nasiru: Wannan salon ai raba gari biyu aka yi, Rabi'u, ba koyarwa aka yi ba. Kuma ni har yanzu ina ganin ranar da aka bayyana komai, rabin daɗin wasan ya tafi.

Hajara: Rabin daɗin wa, Yaya? Na wanda ya riga ya sani, ko na yaron da ke tambaya ana masa dariya?