Aikin karanta labarai a talabijin ya zama gado?

Ɗan Fagge: Jama'a yau raina a ɓace yake. Na je gwajin karanta labarai a wani gidan talabijin, aka yaba, ƙarshe aka ɗauki ɗan wani babba da ko "barkanmu da warhaka" sai ya yi in'ina. Aikin nan ya zama gado, har a Amurka. Ku dubi Chris Cuomo da ya yi aiki a CNN, ubansa Mario ya yi gwamnan New York daga 1983 zuwa 1994, yayansa Andrew ma ya yi. Ga 'yan gidan Wallace sun cika talabijin da siyasa. In ba ka da suna, kama gabanka kawai.

Maman Ilham: Allah ya ba ka wanda ya fi shi alheri. Amma gado kuma? Mario ɗan siyasa ne, ba ɗan jarida ba, me Chris ya gada? Alfarma dai.

Baban Sadiq: Gado ne mana Hajiya. Ai suna ma gadonsa ake yi, ya fi gona tsada.

Malam na Gwale: Ku daina wasa da kalmar shari'a. Ba a cin gadon mai rai. Chris ya shiga CNN a 2013, uban ya mutu a 2015. Kafin nan ma ya daɗe yana aiki a ABC.

Baban Sadiq: Allah gafarta Malam, ba rabon tumunin takaba muke yi a nan ba.

Malam na Gwale: Ni kake yi wa ba'a? Lokacin da na fara karantarwa kana yawo ba wando.

Anti Bilki: Ɗan Fagge, wane gidan Wallace? Chris Wallace dai ɗan Mike Wallace ne na shirin 60 Minutes, wannan gaskiya ne. Amma George Wallace, tsohon gwamnan Alabama mai ra'ayin wariyar launin fata, babu abin da ya haɗa su. Nicolle Wallace kuwa, mai gabatar da shiri a talabijin, ta hanyar aure ta samu sunan. Ke nan duk mai suna Bello jikan Sardauna ne?

Na Sakkwato: Anti, a bar Sardauna ya huta don Allah. Me ya haɗa Gamji da waɗannan mutanen?

Anti Bilki: Misali na bayar, ɗana, ba zagi ba.

Na Sakkwato: Ku Kanawa kullum da mu kuke misali.

Baban Sadiq: Shi Chris Wallace ɗin ma ba adali ba ne. Na kalli muhawarar Trump da Biden da ya jagoranta a Satumbar 2020, ya yi ta tare Trump.

Maman Ilham: Tare shi ko hana shi katse mutane? Mutumin da ya yi shirin Fox News Sunday daga 2003 har 2021 shi ne maƙiyin Trump? Kai da ko biza ba za su ba ka ba, sai kare shi kake.

Baban Sadiq: Hajiya ina girmama ki fa.

Anti Bilki: Sunan da kuke cewa gado shi ya ci Chris Cuomo. Andrew ya sauka daga gwamna a Agustan 2021 kan zargin cin zarafin mata, a Disamba CNN ta kori ƙanen saboda ya shiga taya shi tsara yadda zai kare kansa.

Baban Sadiq: Bayan korar ba tashar NewsNation ta ɗauke shi a 2022 ba? Ɗan talaka da an kore shi sai tallan katin waya.

Malam na Gwale: Har yanzu ba a janye kalmar gado ba.

Shugaban zaure: To, an tattauna an fahimci juna. Mafi yawa sun yarda gado ne, kamar yadda Baban Sadiq ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Malam ya yi gyaran da ba wurinsa ba. Anti Bilki ta kawo sunaye da yawa, amma sako Sardauna bai dace ba. Maganar Trump, an zalunce shi a muhawarar nan, kowa ya gani. An rufe, wanda ya ƙara magana kan biza zan cire shi.