Neman kalma: me za mu kira "atmosphere" a wasan ban tsoro?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da shiri a rediyo ranar Alhamis da dare, minti goma sha biyar kan fasahar zamani, kuma gobe Laraba kafin azahar furodusa yake son ganin rubutun. Zan yi magana ne kan wani gem na kwamfuta, Slender: The Eight Pages, wanda Mark Hadley ya haɗa da manhajar Unity ya sake shi kyauta a 2012. Ga yadda yake: an jefa ka cikin daji da dare, daga kai sai tocila, ba bindiga ba sanda. Aikinka ka tsinto takardu takwas da aka manna a jikin bishiya, tankuna da bangon wani banɗaki. Batirin tocilar yana raguwa, in ka yi gudu ka gaji. Akwai wani dogon abu marar fuska sanye da baƙar kwat yana biye da kai, in ka tsaya kallonsa allon ya riƙa hatsa-hatsa kamar talabijin da eriya ta kauce, shi ke nan an cinye ka. Na buga shi shekaranjiya bayan an ɗauke wuta, iyafis a kunne. Da na ɗauki takardar farko sai wani sauti ya fara, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta da tsakar dare. Ban ga komai ba tukuna, amma tafin hannuna ya jiƙe. Wannan abin nake son in faɗa wa mai sauraro, Turawa suna ce masa "atmosphere". Sai kuma "gameplay" da "indie".

'Yar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Yanayi mana. Yanayin wasan. Na biyun kuma salon wasa, ko yadda ake buga shi.

Ɗan Samaru: Anti, salon wasa ya zauna, na gode. Yanayi ne nake shakka, domin kafin shirina ake karanta hasashen yanayi. Kada mai sauraro ya zaci hazo da ruwan sama nake nufi.

Bakanon Sabon Gari: Ka ce yanayin tsoro ka huta. Ko a fim ai haka ake cewa.

Malamin Kongo: Ɗana, kafin a je ko'ina, cire "gem" ɗin nan daga rubutunka. Wasa muke da shi tun kaka da kakanni. Batun yanayi kuwa, an ɗora wa kalmar nan kaya har ta gaji: yanayin ƙasa, yanayin siyasa, yanayin rayuwa, yanayin jiki. Ni abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne lulluɓi. Duba abin da ka bayyana da bakinka: duhu, hazo, sauti, kaɗaici, duk sun taru sun rufe mai wasa ta ko'ina. Lulluɓin tsoro ke nan. Kalma ce tamu, kuma tana da hoto a cikinta.

'Yar Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, duk macen da ta ji lulluɓi a rediyo mayafi zai faɗo mata a rai. Ni kaina da na karanta, amarya na gani.

Malamin Kongo: 'Yata, da aka ce jirgin sama, ai jirgin ruwa mutane suka sani, kuma suka saba. Ita kalma amfani ne yake faɗaɗa ta. Da magabata sun ji tsoron irin wannan, da ba mu sami na'ura mai ƙwaƙwalwa ba.

Bakanon Sabon Gari: To Malam, wa yake cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a kasuwa? Shiga shagunan unguwar PZ a Zariya ka tambaya, kwamfuta za ka ji. Yaran da ake yi wa shirin nan gidan gem suke zuwa, buga gem suke cewa. Sannan in ana maganar daidaitacciyar Hausa, kowa ya san a kan Kananci aka gina ta. Ban ga yadda za a zauna a Zariya, inda ake cewa "motan nan ne", a yanke wa duniya kalma ba.

Malamin Kongo: Wannan magana ta yi mini zafi, kuma ba zan ɓoye ba. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hausar bokon da kake taƙama da ita, a injinan Zariya ta koyi tafiya. Zazzaganci kari ne kamar Kananci, babu wanda ya haifi wani.

Bakanon Sabon Gari: Ban musa tarihi ba, Malam, kuma in na yi kaushi a yi haƙuri. Amma ina nan kan bakana game da gem.

Ɗan Samaru: Don Allah manya, lokaci yana ƙure mini.

Uwar Biyu: Ƙanena, bari in sa baki. Ina ganin matsalar ba a "yanayi" take ba, a "tsoro" take. Hausa ta rarrabe waɗannan abubuwa. Razana ita ce abu ya faɗo maka ba zato, ka zabura, ya wuce. Fargaba kuwa tun abin bai zo ba take cin mutum, kamar mai bin hanyar Kufena shi kaɗai bayan isha, yana jin kamar taku a bayansa, ya waiwaya bai ga kowa ba. Ɗana yana buga wasan nan, na zauna na kalla. Yawancin lokacin babu abin da yake faruwa, tafiya ce kawai cikin ciyawa da kukan gyare. Duk takardar da ya ɗauka sautin ya ƙaru, abin ya ƙara matsowa, har yaron ya kasa shiga banɗakin nan saboda lungunansa. Lokacin da ya juya ya yi ido biyu da shi, wannan razana ce, daƙiƙa biyu. Sauran duka fargaba ce. Ka ce yanayin fargaba, babu mai zaton ruwan sama.

'Yar Tudun Wada: Yaya, kin gama magana. Ita kuma waccan zaburar a ce mata razanar ba-zata.

Ɗan Samaru: Alhamdu lillahi. Ga abin da na rubuta: "Ƙarfin wasan yana cikin yanayin fargabar da yake lulluɓe mai wasa da shi tun kafin ya ga komai." Malam, ka ga ban yar da kalmarka ba, na mai da ita aikatau. Salon wasa ya shiga, razanar ba-zata ta shiga. Zan ce wasan kwamfuta a farkon shiri, in ambaci gem sau ɗaya saboda yara. Saura "indie". Mai zaman kansa na sa, amma yana yi mini kama da makaranta ko asibitin kuɗi.

Bakanon Sabon Gari: Faɗi yadda abin yake kawai: wasan da mutum ɗaya ya haɗa, ba babban kamfani a bayansa.

Ɗan Samaru: Ya yi tsawo, amma da shi zan tafi a wannan makon.

Malamin Kongo: Jimlar ba ta da laifi. Ni dai ban gamsu da yanayi ba, kuma a ajina lulluɓin tsoro zan ci gaba da cewa. Ka turo mini rikodin ɗin shirin bayan Alhamis, ina son in ji yadda ta fita a baki.