Neman shawara: siyasa ta raba min kan masu karanta littafina na ban tsoro

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon bayanin, kaina ne ya kulle. Ina rubuta littafin ban tsoro a WhatsApp, na kuɗi ne, naira 500, mutum 140 suka biya. Na saki shafi 10 kyauta, yanzu muna na 37, na tsara zai ƙare a na 60. Labarin wani ɗan takarar majalisar jiha ne da ya sha ƙasa sau biyu, sai ubangidansa ya kai shi wurin boka. Aka ƙulla masa alkawari da wata aljana da ke tsohuwar rijiyar gidan kakansa: duk kujerar da ya hau zai ba da mutum ɗaya cikin waɗanda suka taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ya ba da direbansa, ya ba da ɗan yayarsa da ya riƙa tun yaye. Rijiyar kuma kakan ne ya haƙa ta a shekarar fari, aka ce wata baiwa ta faɗa ciki aka rufe maganar, uwargidansa kuwa 'yar gidan malamai ce, auren haɗi aka yi musu, ba ta taɓa son siyasarsa ba. Yanzu yana neman gwamna, saura ita da 'yarsu.

Har shafi na 30 lafiya lau, sharhi kamar ruwan sama. Daga na 31 zuwa na 36 na shiga yaƙin neman zaɓe, na kawo wani malamin firamare ya tashi a taro ya faɗa masa gaskiya kan asibiti da taki da albashi. Tun ranar guruf ya rabu. Wasu sun ce gwaninsu nake zagi, wasu sun ce tsoro suka biya ba shirin siyasar rediyo ba. Mutum 9 sun fita, 3 na neman kuɗinsu, wani ya biyo ni ta bayan fage ya ce zai kai ni ƙara. In cire siyasar ne ko in ci gaba?

Malam Mai Jan Biro:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ba mu tarihin rijiya har kaka, abin da ya kawo rigimar kuwa kin tsallake. Mene ne sunan jam'iyyarsa? Wace alama gare ta? Wace hula yake sawa, a wace jiha? Amsa wannan tukuna.

Amma ko ba ki amsa ba ciwon a fili yake. Shafi shida a jere aljana ba ta motsa ba. Littafin da ake saki kullum ko bayan kwana biyu, shafi shida mako guda ne ko fiye, kuma tsoro kamar garwashi ne, in aka bar shi mako ba fifita toka za a tarar. Mai karatu da ya ce siyasa ta dame shi, sau da yawa ba siyasar ba ce, labarin ne ya tsaya cak aka hau mumbari.

Ga aikin da za ki yi. Ɗauko shafi na 31 zuwa 36, ki raba su fita-fita. Kowace fita ki tambaye ta abu ɗaya: ta matso da ranar biyan bashin rijiya ko ba ta matso ba? Wadda ba ta matso ba, ko ki yanke ta ko ki cusa bashin a cikinta. Jawabin malamin firamare in ya kai shafi biyu ki mayar da shi layi uku. Sauran abin da ya faɗa ki nuna shi da ido. Misali: 'yar ta kwanta zazzaɓi a ƙauye tsakiyar kamfe, ƙarfe biyun dare, asibiti mafi kusa shi ne wanda uban ya karɓi kwangilarsa bai gama ba. Ba wuta, ba likita, ma'aikaciya ɗaya da fitilar waya. Uwar ta haska ƙasa ta ga sawun ƙafa jiƙe da ruwa daga bakin ƙofa har gindin gadon, alhali rani ne. Nan kin faɗi duk abin da malamin ya faɗa kan asibiti, tsigar jikin mai karatu ta tashi, kuma ba wanda zai ce kin yi masa wa'azi.

Hajiya Uwar Zaure:
Ni ban yarda ba Malam. 'Yata, cire siyasar nan gaba ɗaya. Yawancin masu biyan littafi mata ne, sai sun sallami yara sun gama da kicin suke buɗe waya. Duk yinin ranar maigida na sauraron sojojin baka a rediyo, da dare kuma ki kawo musu irinsa? Ki bar shi ya janye takara a shafi na 38, ya koma neman wata babbar kwangila, aljanar ta ce alkawari alkawari ne. Labarinki bai rasa komai ba. Mutum ukun nan kuma ki mayar musu da 500 ɗinsu yau, ki tura shaidar a guruf, don marubuciyar da aka sa wa sunan mai cin kuɗin mutane ba ta ƙara sayar da littafi. Abin da ke damuna da marubutan yanzu kenan, kowa ya samu mabiya ɗari sai ya zama mai sharhin al'amuran yau da kullum. Mu da muke tallata littattafai a zauruka mu ake zagi.

Malam Mai Jan Biro:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba a sauya ginshiƙi bayan an ɗora rufi. Sharaɗin aljanar kujera ne, kowace kujera kai ɗaya. In ya janye takara a shafi na 38 ƙa'idar labarin ta karye, kuma labarin tsoro da ƙa'idarsa yake rayuwa. Mai karatu yana jin tsoro ne saboda ya san lissafin, ya san saura mutum biyu, yana ƙirga kwanakin zaɓe. Sannan siyasa ba baƙuwa ba ce a ƙagaggen labarin Hausa. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya a 1982 kan fasa-ƙwauri da cin hanci, ya biyo da Tura Ta Kai Bango a 1983 kan siyasar jam'iyyu. Can Amurka ma Stephen King ya haɗa tsoro da ɗan takara a The Dead Zone a 1979, amma ɗan takarar ƙirƙirarre ne, kuma bai ɗora shi a kan ɗaya daga manyan jam'iyyunsu biyu ba. Dabarar kenan.

Lauyan Zaure:
Ku bar maganar adabi tukuna, akwai wanda ya ce zai kai ƙara. 'Yar'uwa, sauya suna kawai ba kariya ba ne. Abin dubawa shi ne ko mai karatu zai iya nuna mutum ɗaya mai rai ya ce wane ake nufi. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, sashe na 391, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, wanda aka sha kama mutane da shi kan rubutun waya. Jingina wa mutum kisan kai don tsafi ba ƙaramar magana ba ce.

Ki duba abu huɗu. Jiha: ƙirƙiri taki, da sunan babban birni da ƙananan hukumomi na bogi. Alama: tsintsiya da lema da jar hula duk suna da masu su, kar ki taɓa ko ɗaya, har da launin tuta. Tarihin takara: in ya faɗi sau biyu ya ci a na uku a irin kujerar da wani sananne ya bi, ki sauya adadin ko kujerar. Kirari da take: kar ki ɗauko wanda ake yi wa wani a waƙa ko da kin juya kalma ɗaya. Wanda ya yi miki barazanar kuma kar ki amsa masa, ki ɗauki hoton saƙon ki ajiye. In kina da niyyar buga shi a takarda a Kano, ki sani Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tana da hurumi a kan littattafai.

Mai Neman Shawara:
Na gode ƙwarai. Amma Malam, jawabin malamin firamaren nan shi ne dalilin da ya sa na fara littafin, ba zan iya mayar da shi layi uku ba. Mutane da yawa sun yi ta yaɗa shi a sitatus. Jam'iyyar ƙirƙira na yi, jihar ma ban ambaci sunanta ba. Hular ce dai magoya bayansa duk iri ɗaya suke sawa, kuma ai haka siyasar take, ban ga laifina ba. Sannan shafukan shida ba wai babu tsoro sam ba ne, a na 34 ya yi mafarkin rijiyar.

Malam Mai Jan Biro:
Mafarki ba ya cikin lissafi. Da zarar ya farka mai karatu ya san ba abin da ya faru, kin kashe harsashi a iska. Mafarki na aiki ne kawai in ya farka ya tarar da laka a tafin ƙafarsa. Kuma yaɗa jawabin a sitatus shi ne ya jawo miki mai barazanar, domin an cire shi daga labari ya zama takardar kamfe. Wane launi ne hular? Kin sake tsallakewa.

In lallai sai jawabin ya zauna, to ki biya kuɗinsa. Ki ba ɗan takarar amsa mai ƙarfi, irin wadda mai goyon bayansa zai ji ya ce haka ne: shi ya biya wa yaran unguwa kuɗin jarrabawa, shi ya kai gawar uban malamin gida da motarsa. Ki sa abokin hamayyarsa ma yana da nasa bokan. Ki kai mu daren zaɓen fid da gwani, otal cike da daliget, ana rabon kuɗi ɗaki-ɗaki ana rantsar da mutane, shi kuma yana leƙa kwanon da aka kawo masa yana tsoron kar wani ya sa hannu. In ɓangare ɗaya ne kaɗai ke da datti, mai karatu zai gane inda kika karkata tun kafin ki kai rabin shafi.

Makaranciya daga Damagaram:
Mu nan Nijar ba mu san rigimar hulunanku ba, don haka ni abin da zan duba daban ne. Uwargidan 'yar malamai ce kin ce. To me ta yi a shafi 37? Nan marubutan tsoro ke faɗuwa. In ta karanta Ayatul Kursiyyu aljana ta ƙone nan take, labari ya ƙare. In kuma ta yi ta karanta Falaƙi da Nasi ba abin da ya faru, za a ce kin raina addu'a, wannan rigimar ta fi ta siyasa zafi. Mafita ita ce addu'ar ta tsare wanda ya riƙe ta, amma mijin da kansa yake buɗe ƙofa: ya hana mai ruƙiyya shiga gida, ya sa a ɗauke yarinyar daga ɗakin uwar da magariba. Kuma don Allah ki gama littafin. Mun gaji da biyan kuɗi da katin waya daga nan, a kai shafi na 40 marubuciya ta ce an ɓata mata rai ta rufe guruf.

Hajiya Uwar Zaure:
Kin ji ko? Ita ma ba siyasar ta dame ta ba. Masu karatu tsoro suke so. Kin mayar wa mutum ukun kuɗinsu?

Mai Neman Shawara:
Ban mayar ba tukuna Hajiya, ai sun karanta shafi 27 na kuɗi, ban ga yadda za a ce in mayar duka ba. Fitar asibitin nan ta Malam ta yi min, zan sa ta a na 39. Na 38 na riga na rubuta, malamin firamaren zai sake magana a gidan rediyo, gajere ne, bai fi shafi ɗaya da rabi ba. Hular kuma na ambace ta tun shafi na 3, in na sauya yanzu ai kamar na amsa laifi ne. Ko in rubuta sanarwa a saman shafin cewa labarin ƙirƙira ne?

Lauyan Zaure:
Sanarwar ba ta hana ƙara in ana iya gane mutumin. Kafin ki saki na 38 daren nan ki faɗa min launin hular, ko ta bayan fage ne.

Malam Mai Jan Biro:
Shafi ɗaya da rabi a gidan rediyo, ƙanwata? Aljanar tana ina a lokacin?