Tsohuwar taswira ta isa ta nuna inda za a haƙa a Sawakin?

Mai Safiyo:
Maganata ita ce, duk wanda zai nemi abin da ke binne a tsibirin Sawakin, can ƙasar Sudan, a gaɓar Bahar Maliya kudu da Port Sudan, ya fara da taswira, domin ita za ta yi masa mafi yawan aikin. Akwai zanen da João de Castro, wani jami'in jiragen ruwan Fotugal, ya yi a 1541 lokacin da jiragen Fotugal suka shiga tekun. Akwai taswirorin sojojin Ingila na shekarun 1880, zamanin yaƙinsu da Usman Digna, kwamandan mayaƙan Mahadi a gabashin Sudan. Ga kuma zanen gidajen da Jean-Pierre Greenlaw ya yi, wanda aka buga a 1976. A ɗora su ɗaya kan ɗaya bisa hoton tauraron ɗan'adam, a ga abin da ya tsaya da abin da ya ɓace. Inda ya ɓace, nan za a sa diga.

Ɗalibar Tarihi:
Malam, da me za ka ɗaure zanen 1541 a kan hoton yau? Ba shi da sikeli. Matuƙin jirgi ne ya zana abin da ya hango, damuwarsa mashiga da inda za a jefa anga. Gadar da ta haɗa tsibirin da tudu ma sai a 1877 aka yi ta, zamanin Gordon, Baturen Ingila da ke gwamnan Sudan a lokacin. In ka goce da taku ashirin a ƙaramin tsibiri irin wannan, ka faɗa gidan wani daban.

Mai Safiyo:
Ban ce a auna da shi ba, ƙanwata, a karanta shi. De Castro ya ce gine-gine sun cika tsibirin maƙil, har jirage na tsayawa a bakin gidajen ajiya a shimfiɗa katako a yi lodi. Wannan kaɗai ya nuna mini cewa bakin ruwan, zagaye ɗaya, wurin bincike ne, har da ƙarƙashin ruwan, inda tulu da tangaran za su riƙa suɓucewa masu dako. Awo kuwa, da masallacin Hanafi da na Shafi'i za a ɗaure taswirorin baya-bayan nan, tunda suna nan inda suke.

Baba Ɗan Takari:
Yarana, ina jin ku. Duk kuna kan tsibiri, wurin attajirai da ma'aikatan Turkawa da Misirawa masu benayen dutsen murjani. Mutanenmu da suka yi shekaru a hanya da ƙafa don su ƙetara Jidda, wa ya ba su bene? Talaka a tudu yake, wajen Al-Gaif, inda ƴan ƙabilar Beja ke kafa rumfunan tabarma. Sojan da aka turo ya zana ganuwa da wurin girka igwa ba zai ɓata tawadarsa kan rumfar baƙo ba. In aka bi taswira kaɗai, tarihin masu kuɗi za a sake tonowa, alhazanmu su ci gaba da kwanciya ba wanda ya san da su. Abin nan yana ci mini rai.

Ɗalibar Tarihi:
Baba ya gama magana. Kuma akwai batun zamani. Marubutan Larabci sun ambaci Sawakin tun ƙarni na 10, Ibn Battuta ya sauka a can a ƙarni na 14, garin ya ƙara haɓaka bayan faɗuwar Aizab, tashar jiragen ruwa da ke arewa da shi, a ƙarni na 15. Duk wannan ya riga zanen farko. Ƙarnonin da muka fi ƙishirwar sani su ne ba su da taswira ko guda. Haƙar da aka yi daga 2002 tare da hukumar kayan tarihi ta Sudan ta iske shimfiɗun zama a ƙarƙashin gine-ginen da ake gani. Ramin gwaji ne ya nuna su.

Mai Safiyo:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma taswirar sojan nan tana yi wa alhazai aiki ko da bai nufa ba. Tsibirin ba shi da ruwan sha, a da daga rijiyoyin Shata na tudu ake kawowa, kuma Ingilishi sun zana su da kyau saboda sai da suka kafa musu tsaro. Sun zana bakin hanyar ayari mai zuwa Barbar, garin da ke bakin kogin Nilu. Matafiyi a ina yake sauka in ba kusa da rijiya da ƙofar gari ba? Tsakanin waɗannan biyun zan nemi toka da tsingaro da juji. Sannan filin da taswirori suka bari fari, wanda ba a taɓa yi masa babban gini ba, shi ne harsashi bai dagula ƙasarsa ba.

Baba Ɗan Takari:
To, yanzu ka zo kusa. Amma ka haɗa da bakin tsofaffi. Hausawan Port Sudan da Kasala da Gadarif akwai masu riƙe da labarin inda kakanninsu suka jira jirgi, da inda aka binne waɗanda ajali ya riska kafin su ƙetara. Ko don kada a taɓa maƙabarta, dole a tambaye su.

Ɗalibar Tarihi:
Na yarda taswira ta tsara wurin da za a fara dubawa. "Mafi yawan aikin" ne ban yarda da shi ba. Tun da aka mai da ciniki Port Sudan a farkon ƙarni na 20 gidajen murjani suke ta rushewa, ɓaraguzai sun rufe lunguna. Layin da Greenlaw ya zana yau tudun dutse ne, sai an kwashe kafin a san ko daidai ya zana.

Mai Safiyo:
Wa zai kwashe yanzu? Tun Afrilun 2023 ƙasar ke cikin yaƙi. Aikin taswira shi ake iya yi daga nesa, a shata wuraren da bai kamata a yi gini ba kafin a dawo gyaran tashar Sawakin.

Baba Ɗan Takari:
Ku shata, amma ku fara da tudu. Ƴata, ke da kike da Larabci, tattara labaran tsofaffin nan aikinki ne.